Guruf ɗin 'yan garinmu ya cika da bokal da bidiyo: me ya rataya a wuyan admin?

Sakataren Zumunci, Tawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san kan salula da waɗanda suka san kan doka.

Akwai guruf na WhatsApp na 'yan wani gari cikin Adar, mutum kusan 600. Rabi suna gida, rabi suna bida: Abijan, Libiya, Aljeriya, Kamaru, wasu kuma Yamai. Don abu uku aka buɗe shi: tara kuɗin gyaran famfo da ajin lakwal, sanarwar rasuwa da suna da ɗaurin aure, sai farashin hatsi da albasa. Yanzu da safe saƙo kan kai 300. Ga bokal na minti goma sha biyar na wani da ba wanda ya san shi, yana rantsuwa an kai hari wuri kaza. Ga hoton takarda mai hatimi wai daga minista. Ga hoton sabon kuɗi wai na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina. Ga bidiyon TikTok, ga sanarwar wai wani jarumin Kannywood ya rasu, da yamma kuma a gan shi yana hira da ransa. Sanarwar jana'iza ta gaske sai ta nutse a tsakiya, mutane su ji bayan an dawo daga maƙabarta.

Tambayata uku ce. Ta yaya admin da ba shi da komai sai Tecno ko Itel da forfe na yini ɗaya zai gane wane saƙo ne gaskiya, wane ne ƙanzon kurege? Me dokar Nijar ta ce game da wanda ya tura abin da ba shi ya ƙirƙira ba, musamman maganar siyasa da ta tsaro? Sannan wane gyara za a yi wa guruf ɗin ba tare da an kori mutane ko an ɓata da manya ba? Ina son bayani dalla-dalla, irin wanda za a karanta wa sauran admin mu bi.

Mai Gyaran Salula, kasuwar Tawa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ɓangaren waya zan taɓa, doka na bar wa masu ita.

Ƙofa za ka fara gyarawa kafin ɗaki. Buɗe guruf, danna sunansa a sama, ka nemi wurin izini, wanda a wayar da ke Faransanci aka rubuta "Autorisations du groupe". Kashe damar kowa ya canza suna da hoton guruf. Kashe damar kowa ya shigo da mutum. Kunna wurin da ke sa sabon shiga ya jira amincewar admin. Daga nan ka je kan mahaɗin gayyata ka danna "Réinitialiser le lien", domin tsohon ya riga ya yi yawo a wasu guruf, duk wanda ya tsince shi zai iya faɗowa ciki. Bayan haka ku zauna ku admin ku bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Lambar waje ba laifi ba ce tunda kuna da 'yan bida: +225 Kodebuwa, +218 Libiya, +213 Aljeriya, +237 Kamaru, +234 Najeriya. Amma kowace lamba a samu mutum biyu da za su ce ɗan wane ne, gidan wane. Wadda ba a samu mai shaidarta ba, a kira ta. In ba a ɗauka ba, a cire.

Sai alamomin da WhatsApp da kansa yake nunawa, waɗanda mutane ke gani kullum ba sa lura. Saƙon da aka turo daga wani wuri yana zuwa da 'yar kibiya ɗaya a sama. In kibiyar biyu ce a jere, saƙon ya bi ta hannu biyar ko fiye kafin ya iso, kuma irinsa tun 2020 wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. Kibiya biyu ba ta ce ƙarya ba ne, abin da ta ce shi ne mai turowar bai san mafarinsa ba. Bokal da mutum ya naɗa da bakinsa yana fitowa da hotonsa a gefe, wanda aka turo kuwa ba ya zuwa da hoton mai maganar. Sai dai masu wayo suna sauke bidiyo cikin waya su sake ɗora shi daga wurin hotuna, kibiyar ta ɓace. Don haka rashin kibiya ba shaida ba ce.

Ga wata dabara da ba ta cin mega ko ɗaya. A Android duk abin da ya sauka yana samun suna mai kwanan wata, misali VID-20240312-WA0007. Wannan ranar da ya sauka a wayarka ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba, kada a ruɗe. Amfaninta shi ne: in an turo bidiyo an ce na jiya ne, a tambayi 'yan guruf ko akwai wanda ya taɓa ganinsa. Sau da yawa wani zai leƙa wayarsa ya same shi da kwanan watan bara. Magana ta ƙare. Kada ka wahalar da kanka neman ranar ɗauka a jikin hoto, WhatsApp yana share wannan bayanin, sai in an aiko hoton a matsayin takarda.

Binciken hoto kuwa haka ake yi. Kunna bidiyon, tsayar da shi inda abu ya fito sarai, gini ko mota ko allon shago, ka ɗauki hoton allon wayarka. Yi haka wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Yanke rubutun da aka liƙa a kai da tambarin TikTok, domin su ke ɓatar da bincike. Buɗe Google, danna 'yar kyamarar da ke gefen wurin rubutu, wato Google Lens, ka ɗora hoton. Abin da kake nema ba wanda ya fi kama da shi ba ne, wanda ya fi tsufa kake nema. Shafin TinEye yana da wurin jera sakamako daga mafi daɗewa. Duk aikin 'yan mega kaɗan ne, bai kai sauke bidiyo ɗaya ba.

Inda ake tuntuɓe: wasu suna juya bidiyo dama ta koma hagu don kada bincike ya kama shi. In ka ga rubutun allo a birkice, juya hoton tukuna. Na biyu, in bincike bai fito da komai ba, ba gaskiya ya tabbatar ba. Abin da ya faru a ƙauye tsakanin Keita da Buza ba lalle ne ya taɓa hawa intanet ba, haka ma wanda aka ƙirƙira jiya da dare. In bidiyon na TikTok ne, sunan mai shi yana yawo a jikinsa, rubuta sunan a TikTok ka ga ranar da ya ɗora.

Admin yana iya goge saƙon kowa ga kowa, amma cikin kwana biyu, kuma wurin zai nuna admin wane ne ya goge. Wanda ya riga ya adana ko ya tura gaba, ba ka da iko da nasa. Shi ya sa ya kamata a koya wa kowa kashe saukar bidiyo da kanta, a "Stockage et données". Forfe zai daɗe, wayar ba za ta riƙa cewa ta cika ba, kuma in admin ya goge da wuri abin bai shiga wayar mutane ba.

Malama Mai Tace Labarai, Yamai

Sannu da ƙoƙari Malam Sakatare. Abin da mai gyara ya faɗa daidai ne, sai dai Google Lens ba ya jin bokal, kuma bokal ne ya fi yawa a wurinmu tunda ba kowa ke karatu ba. Ga kunne, tambaya uku ce: wa ke magana, a ina yake, wace rana. Mai faɗin abin da ya gani yakan ce ni ne wane, daga Badagishiri, yau Laraba. Mai shaci-faɗi "jiya" yake cewa, saboda "jiya" ba ta tsufa, bokal ɗin zai shekara uku yana yawo kullum sabo. Ka saurari irin waɗannan: "wani ɗan uwana soja ya gaya mini", "ba a son ku sani", "ku tura kafin a goge", da rantsuwar da ta fi labarin tsawo. In maganar ta yi tsawo sa ta a gudu 1.5, amma ka ji ta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Babban makaminku ba ya cikin intanet. Kuna da mutum 600, da wuya a ambaci gari daga Konni zuwa Abalak ba ku da wanda ya san wani a can. A kira mutum biyu da ba su san juna ba, a yi musu tambaya ɗaya: da idonka ka gani, ko ji ka yi? In ya ce ji ya yi, a wurin wa? Sau da yawa amsar ita ce a WhatsApp, wato wannan bokal ɗin ne ya zagayo.

Ga bidiyo, a daina kallon tsakiyar allo inda ake ihu, a kalli gefe. An ce a Tawa ne cikin watan Afrilu, ga ciyawa shar da ruwa kwance: ƙarya ce, lokacin ƙasa a ƙone take. An ce watan Agusta ne, ga mutane cikin rigar sanyi da hazo: ta hunturu ce. Allon shago da Ingilishi, farashi da naira, tuta kore da fari da kore, babur mai ƙafa uku ruwan ɗorawa sun cika titi, duk wannan ƙetaren iyaka ne. A ƙara murya a ji masu magana a baya. Bambaranci ko Larabcin Sudan ko Hausar Kano ba sa ɓuya ga mutumin Adar.

Takardun hatimi su ne suka fi ruɗa masu boko, don suna ganin Faransanci ne. Hatimi da sa hannu ana yanko su daga takardar gaske a manna. A duba muƙamin da aka rubuta ya dace da ranar. Tun 26 ga Maris 2025 da aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani, muƙamin shugaban ƙasa yake ɗauke da shi, kuma a ranar aka rusa jam'iyyun siyasa. Tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ke riƙe da su. Takardar da ta zo da tsohon muƙami a kan sabuwar rana, ko dai tsohuwa ce aka sake wa kwanan wata, ko wanda ya haɗa ta ba ya ƙasar. Sanarwar taron ministoci da naɗe-naɗe da ranakun hutu kuwa ba a ɓoye suke fita ba. Télé Sahel da Voix du Sahel suna karantawa, jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP suna bugawa. Takardar da ta kwana ba ta fito a ko ɗaya ba, ba ta fito daga inda aka ce ba. A yi hattara da shafukan Facebook masu aron sunan hukuma: a shiga "Transparence de la Page", za a ga ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin ma'aikatar gwamnati da watanni uku baya yake sayar da turare, ai ba sai an yi dogon bincike ba.

Hoton sabon kuɗi shi ma haka. Ƙawancen AES gaskiya ne, an kafa shi 16 ga Satumba 2023, kuma ficewa daga CEDEAO ta tabbata a Janairun 2025. Amma Nijar tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, kuɗin da ke aljihunmu sefa ne na bankin BCEAO. Canjin kuɗi ba abin da za a fara ji daga bakin wani a TikTok ba ne, kuma haɗarin wannan jita-jitar a fili yake: tsohuwa ta ji an ce kuɗinta zai mutu, ta kai wa ɗan damfara ya "canza" mata.

Maganar muryar da kwamfuta ke kwaikwayo, akwai ta. A 2025 an yaɗa bidiyon Fafaroma Leo na 14 wai yana yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina, fadar Vatican ta fito ta ƙaryata, haka aka yi ta yaɗa waƙoƙin yabo da muryoyin mawaƙan Amurka da ba su san an yi ba. Da Hausa har yanzu tana tona kanta ga mai kunne: karin sauti yana zamewa, ana ja inda ba a ja, ƙ da ɗ da ɓ suna lafewa, babu numfashi babu gyaran murya, kuma leɓe ba ya haɗuwa a kan b da m. Amma kada ku sa duk hankalinku a can. Abin da ya fi cin mutane tsohon bidiyo ne na gaske da sabon rubutu, ko jawabin gaske da aka yanke kansa da wutsiyarsa.

Rasuwar 'yan fim da mawaƙa da 'yan kokowa kuwa, masu shafin neman mabiya suke yi. A leƙa shafin mutumin da na abokan sana'arsa. Rasuwar sananne ba ta awa biyu ba a ji lokacin jana'iza da unguwar da za a yi ta ba.

Dattijon Kotu, Tawa

Ɗana Sakatare, tambayarka ta biyu ita ta fi nauyi, kuma nan zan ɗan ja da Malama. Duk abin da ta faɗa na tantance gaskiya ne, amma ga wagga doka gaskiya ita kaɗai ba ta fid da mutum.

Dokar ita ce mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, wadda anka yi don laifuffukan intanet. Ayoyi uku sunka shafe ku. Ta 29 ɓata suna, ta 30 zagi, ta 31 yaɗa bayanin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. A 2022 an cire ɗauri daga ɓata suna da zagi, anka bar tara. A 7 ga Yuni 2024 anka maido da shi, har anka ƙara. Yanzu ɓata suna ko zagi ta salula shekara 1 zuwa 3 ne gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Aya ta 31 kuwa shekara 2 zuwa 5, da tarar miliyan 2 zuwa 5, kuma an rubuta a fili cewa ko da bayanin gaskiya ne. Ku maimaita wannan gaɓa ga 'yan guruf da Hausa, don mafi yawansu sun ɗauka in abu ya faru to yaɗa shi halal ne.

Kalmomi uku ayar ta yi amfani da su: wanda ya ƙirƙira, wanda ya ajiye inda wani zai samu, wanda ya yaɗa. Ke nan "ba ni na yi ba, turo mini anka yi" ba kariya ba ce, turawar ita ce laifin da aka ambata. Ba sabon abu ba ne, kuma ba na mulki ɗaya ba ne. A Janairun 2022 kotun Yamai ta yanke wa 'yan jarida biyu, Moussa Aksar da Samira Sabou, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda sun sake wallafa rahoton wata ƙungiyar waje, ba su sunka rubuta shi ba. In ɗan jarida mai lauya ya sha haka, manomin albasa fa?

Mutuncin ɗan Adam shi ne wanda kuka fi faɗawa ba ku sani ba: hoton gawa bayan hari, hoton waɗanda sunka yi haɗarin mota a hanyar Konni, bidiyon ɓarawon da anka tuɓe ana duka, hoton yarinya da anka yaɗa don a kunyata ta. Waɗanga a goge su nan take, ba sai an yi taro ba. Haka maganar inda soja suke, ko yawansu, ko hanyar da ayarinsu ya bi.

Wasu na cewa WhatsApp a kulle yake, ba mai iya karantawa. Kullewar tana tsakanin waya da waya. Cikin mutum 600, ɗaya ya ɗauki hoton allo ya kai kwamisariya ko jandarmari, ga sunanka ga lambarka, lambar kuma da katin ɗan ƙasarka anka yi mata rajista. Saƙo mai ɓacewa bayan awa 24 ko kwana 7 bai hana wannan.

Ga admin kansa, abin da hannunka ya yi shi za a fara dubawa. Kada ka sake tura abu cikin guruf kana tambaya "gaskiya ne?", ka yaɗa shi ke nan karo na biyu, da sunanka. Kada ka liƙa shi a sama. Ku rubuta ƙa'idar guruf a wurin bayaninsa, ku naɗe ta da murya, duk wata a sake sa ta. In ka goge abu, rubuta layi ɗaya cewa an goge saboda ya saɓa ƙa'ida, kada ka maimaita abin da ke ciki. Wanda anka kira ofis kan saƙo, shi je, kada shi goge komai daga wayar bayan kiran, shi nemi lauya tun ranar farko, kuma kada shi sa hannu ga takardar da ba a fassara mishi ba.

Ɗan Fada, Geben Zogi

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ji kuma mun tsorata. Amma in aka bi wannan sau da ƙafa, guruf ya mutu. Mutumin da ke Sabha ko Tamanrasset ba shi da wata kafar jin gida sai nan. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, an taɓa dakatar da BBC wata uku a ƙarshen 2024, kuma kowa ya tuna 2021 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa da intanet ɗin salula ya ɗauke kusan kwana goma. Duk lokacin da ƙofa ta rufe, bokal ne ke cike gurbin. Ka hana mutane maganar tsadar shinkafa da ɗaukewar wuta da halin hanya, wai siyasa ce, za su buɗe wani guruf da babu admin mai hankali ko ɗaya.

Mafita guruf biyu. Na farko na sanarwa, admin kaɗai ke rubutu: rasuwa, suna, lissafin kuɗin famfo da hoton rasit. Na biyu na hira, kowa ya yi magana, da sharaɗi ɗaya: abin da ka faɗa da bakinka naka ne, abin da ka turo sai ka rubuta a ƙasansa wa ya ba ka, ina, yaushe. Ba amsa cikin awa ɗaya, a goge. Waƙa da kokowa da barkwancin TikTok a bar su, ba su ne matsalar ba, su ke riƙe matasa a ciki.

Sakataren Zumunci, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Guruf biyu ya kwanta mini. Saura ɗaya mai wuya: mafi yawan masu turo irin waɗannan ba yara ba ne, iyayenmu ne, har da masu ba da kaso mafi tsoka a kuɗin famfo. Yaya yaro zai goge saƙon Alhaji a gaban mutum 600?

Mai Gyaran Salula, kasuwar Tawa

Yaro ba zai goge ba. Tunda wurin yana nuna sunan wanda ya goge, ku sa dattijo ɗaya ko biyu cikin admin, liman ko wani sa'an Alhajin, a nuna masa yadda ake yi: danna saƙon ka riƙe, taɓa kwandon shara, zaɓi "Supprimer pour tout le monde". Matasa su yi binciken, su kai masa sakamako a keɓe, shi ya kira Alhaji a waya kafin ya goge. In da hali a bar Alhajin ya goge da hannunsa, shi ma yana da kwana biyun nan. Gyara kuma kada a ce "ƙarya Alhaji ya turo", a ce bidiyon na shekara kaza ne, daga ƙasa kaza, ga hoton inda aka same shi. A yi shi da murya, gajere, ƙasa da minti ɗaya, don wanda ya ji ƙaryar da kunne ba zai karanta gyaran da ido ba.

Tunda kuma guruf ɗin na tara kuɗi ne, akwai abin da ya fi jita-jita saurin cin ku, kuma dattawan nan ake fara nema. Wani zai kira Alhaji ya ce shi ɗan guruf ne, za a yi taro ta waya, an aiko masa lamba shida ta SMS, ya karanto. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ce. Yana faɗa, asusun ya koma wayar ɓarawo, sai a fara bin 'yan bida ɗaya ɗaya da hoton Alhaji: ina likita, turo jika hamsin ta wannan lambar. Rigakafin minti biyu ne. A shiga "Compte", a kunna "Vérification en deux étapes", a sa lamba shida da ba shekarar haihuwa ba, a ƙara adireshin imel na ɗansa in shi ba shi da shi. A leƙa "Appareils connectés" a cire duk na'urar da ba a sani ba. Ranar Lahadi da mutanen ƙauye ke shigowa kasuwa, admin biyu su zauna su yi wa dattawa wannan ɗaya bayan ɗaya.

In an riga an sace, layin yana hannun mai shi, don haka a sake shigar da lambar a WhatsApp, sabuwar lamba shida za ta zo, ana sa ta ɓarawon ya fita. In ya riga ya sa nasa makullin, sai an jira kwana 7 kafin a shiga, amma shi ma yana waje tun lokacin da aka sa lambar SMS ɗin. Kafin nan admin ya cire lambar daga guruf biyun, musamman in tana cikin admin, ya sanar da murya cewa kada a tura wa kowa ko dala. Kuɗin ƙungiya kuma lamba ɗaya tak, a rubuce a bayanin guruf tare da sunan da zai fito a rasit na Nita ko Amana, kuma ba a canza ta sai ma'aji ya faɗa da bakinsa a kiran bidiyo.